Salatif ɗin Malam Babayo

Shekara ashirin da biyar ina ɗinki a jikin shagon Malam Babayo a kasuwar Azare, don haka kada wani ya gaya mini halinsa. Hayar kaset yake bayarwa tun ana layi a ƙofarsa ranar Juma'a. Faifan CD ya zo, ya bi. Tura fim a waya ya zo, ya bi yana tsaki. Da kowa ya koma kallo da data, sai shagon ya zama wurin shan iska. Mutumin kirki ne, amma ga maƙo! Bai taɓa sayen sabon kaset ba in akwai tsoho. Sai ya liƙe ramin gefen da ke hana ɗauka da salatif, ya ɗauki sabon fim a kai, na da ya goge.

Ranar da ya sayar wa Gali ɗan gwangwan tsofaffin kaset ɗinsa buhu tara, ana cikin lodi a keke napep sai ga Hajiya Ya Gana daga Bulkachuwa, wadda ta fita takaba satin nan.

"Malam Babayo, kaset ɗin bikin sunan 'yata Ruƙayyatu nake nema. Tun shekarun baya muka maido maka shi cikin kwalin fim bisa kuskure. Alhaji yana ciki. Ba ni da muryarsa a ko'ina."

Gali ya ce shi fa la'asar zai wuce. Na daka masa tsawa, muka zazzage buhunan a ƙasa. A na shida muka same shi, da rubutun marigayin a gefe. Akwai salatif a kan ramin.

Bai gaya mata ba. Ya jawo tsohuwar bidiyonsa, ya hure ƙura, ya saka. Fim ɗin Indiya ya fito, ana ta rawa. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Wannan ne?" in ji ta.

"Hajiya, ni na goge shi da hannuna," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma kaset ɗin awa uku ne, fim ɗin bai kai ba. Ki ɗan jira."

Ya ƙi turawa gaba da sauri, wai na'urar tana cin zaren kaset. Haka muka zauna, har Gali, muna kallo. Aka kira la'asar, fim ya ƙare, allo ya yi yashi-yashi babu hoto.

Sai ga tsakar gida, ga tabarmi, ga Alhaji da ƙuruciyarsa riƙe da jaririya. Ya waiga yana dariya, ya ɗaga murya: "Ya Gana! Fito mana a ɗauke ki!"

"Na'am, Alhaji," ta amsa, ta miƙe tsaye.

Zaren ya ƙare a nan.