Talgen Burodin Tailan

Baba ya zo Alƙahira a cire masa haƙora, aka kuwa cire su da himma. Likita ya sallamo shi da dasashi zalla, ya ce na roba sai ciwo ya warke. Lokacin ina karatu, ina haya a Madinat Nasr, gari kuma bai gama hucewa daga zanga-zanga ba. Kullum muna gida ni da shi muna kallon juna.

Sai ya daina cin abinci. Aish baladi, gurasar Misrawa, ya ɗaga ta ya juya ya ce a kai wa mai gyaran takalmi. Yogot ya ce na jarirai ne. Ni kuwa na daɗe ina rayuwa a kan makaroni da wake, da aka ce abinci mai laushi tunanina bai wuce kanti ba. Shayi kawai yake kurɓa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Tsoro ya kama ni sosai.

Maƙwabciyata ɗaliba ce 'yar Tailan, kuma na taɓa cin burodinta na madara, mai laushi kamar auduga. Na buga mata ƙofa. Da Larabcinmu na 'yan makaranta ta yi mini bayani: a dafa fulawa kaɗan da madara har ta yi kauri, a sauke ta huce, sannan a haɗa da sauran fulawar da yis da ƙwai da bota da sukari, a murza, a rufe ya tashi.

"Ai wannan talge ne," na ce mata.

"Tamam? Komai daidai? Ko in zo in taya ki?"

"Khalas, shi ke nan, yi zamanki. Tun ban kai tukunya tsawo ba nake yinsa."

A ce 'yar Kano ce za a tsaya a kanta saboda talge?

Ba zan yi wa Larabci sharri ba, na fahimci bayaninta tsaf. Hannuna ne bai je darasin ba. Talge na fara ɓararraka, hannun ya lalubo muciyar da Inna ta cusa mini a akwati tun zuwana, ya juye sauran fulawar a tukunya, ɗayan ya danne da tsumma. Na tuƙa har da gumi. Na yayyafa ruwa, na rufe ya sulala, ina jin daɗin kaina. Da na waiwaya sai ga ƙwai da yis da bota a kan tebur suna jirana.

Na kirawo maƙwabciyar. Ta buɗe tukunya, ta danna abin da yatsa, ya ƙi dawowa. Ta ce "ma'alish", wato ba komai, cikin ladabi, ta sake cewa, a na gaba dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasan kicin.

Dariyar ce ta fito da Baba daga ɗaki. Ya leƙa tukunya.

"Me aka tuƙa?"

"Burodi ne, Baba. Na ƙasar Tailan."

Ya daɗe yana kallo. "To, ashe su ma mutanen kirki ne. Akwai kuka?"

Akwai, a ƙasan akwatin da daddawarta. Na kaɗa miya. Tuwon fulawa da madara, na ɗanɗana, ban san sunan da zan ba shi ba. Baba ya wanke hannu ya yi bisimilla. Yana ci yana yi wa maƙwabciyata bayani da Hausa cewa mutanen ƙasarsu sun san abinci, gishiri ne kawai ba su iya sawa ba. Ita kuma tana gyaɗa kai tana "tamam, ya Hajj," tana goge ido da gefen mayafi.

Ya suɗe yatsu, ya turo mini kwanon.

"Uwata, ƙaro mini burodin nan."

Na ɗauka na shiga kicin. Sai da na tsaya na gama kukana kafin na iya zubawa.