Kukan Zomo a Tafin Hannun Kawu

Jiya a kasuwar Dakoro wani saurayi ya kunna kukan zomo a wayarsa, irin wanda maharba ke jawo dila da shi, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shekarar da diloli suka addabi awakinmu a Tagriss, na kai masa irin wannan kukan a wayata. Ya saurara, ya tofar da goro.

"Wannan zomon ba ya jin zafi, ɗana. Dila ba wawa ba ne."

Da yamma muka laɓe bayan wata aduwa. Na kunna wayar har na gaji, ko tsuntsu bai motsa ba. Kawu ya jiƙa leɓe, ya manna bakinsa a tafin hannu, ya tsotso wani siririn kuka mai karyewa. Sai ga macen dila, nonuwanta na reto.

Da gangan ya harbe ta a ƙugu. Tana jan gindi cikin rairayi tana kururuwa, ƙaurin albarushi ya cika mini hanci.

"Kawu, ka ƙarasa ta mana."

"Bar ta, mijinta take kira mana."

Ya sake ɗura bindiga a natse. Namijin kuwa ya zo.

Ya Allah, ka yi wa Kawu rahamar da ya hana dabbar nan ran nan.