Ranar da Inna Ta Kira Sunana a Kan Teku

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi ko a gaban Alƙur'ani haka zan maimaita shi. Shekarun baya ne, lokacin ina ƙasar Girka, ina aikin gonar zaitun a wani tsibiri da ake kira Lesbos. Ni mutumin Kademi ne ta ƙasar Gaya, karatuna bai wuce allo da firamare ba, noma na sani sai acaɓa. Yadda na isa can wani dogon labari ne, mu bar shi.

Bari in fara da laifina, don in na ɓoye shi sauran ba zai yi ma'ana ba. Da muka sauka a sansanin 'yan gudun hijira, waɗanda suka riga mu zuwa suka ce in ina son takardar zama kada in kuskura in ce daga Kano nake. Sai na sauya gari, na sauya suna na koma Yusuf, da aka tambaye ni iyaye na ce duk sun mutu. Mahaifina kam Allah ya yi masa rasuwa tuntuni, amma Inna tana nan da ranta tana kiwon awakinta. Da bakina na kashe ta, na kuma sa hannu a takarda. Astagfirullah. Tun daga ranar na kasa kiran gida, in na ɗauki waya sai in mayar da ita aljihu, har shekara biyu ta wuce ba su san ko ina raye ba.

Ni ne ɗan farinta, kun kuwa san alkunyar iyayenmu na ƙauye. Tun da aka raɗa min suna bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce min. In tuwo ne, sai ta ce da ƙanwata Asabe, "Ungo, kai wa wancan." Ko maƙwabcinmu mai suna irin nawa, Mai Shanu take ce masa.

To da aikin zaitun ya yi sauƙi, sai na ji ana neman masu tsintar ƙaro a wani tsibirin, Kiyos, na yanki tikiti na hau jirgin ruwa da rana tsaka. Kai! Jirgin nan unguwa ce guda. Bayansa ne yake buɗewa, motoci har da manyan tireloli su yi ta shigewa kamar ana zuba hatsi a rumbu, mutane kuma su hau bene, ga kantin shayi, ga kujeru, ga masu barci a ƙasa da karnukansu. Na hau can sama inda babu rufi ina kallon ikon Allah, ruwa shuɗi kamar an juye baba a marina, duwatsu suna fitowa suna ɓacewa, wasu fararen tsuntsaye masu kama da balbela suna bin mu suna cafe burodin da ake jefa musu.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, baƙaƙen kaya har ɗankwali, da kwando a cinyarta, 'yarta na gefe tana danna waya. Wajen la'asar iska ta taso, jirgi ya fara ɗan rangaji, jiri ya ɗebe ni na damƙe ƙarfen gefe da hannun dama. Sai tsohuwar ta ciro ɓaure ɗaya ta miƙo min. Na karɓa da hagu, na yi godiya da ɗan yarensu da na tsinta. Ta nuna ƙirjinta ta faɗi sunanta, sannan ta nuna ni. Na ce, "Yusuf."

Ta girgiza kai. Na sake cewa, "Yusuf." Ta ƙura min ido, ta buɗe baki ta kira sunana na yanka, wanda ba shi a kowace takarda a ƙasar nan, ba kuma wanda na taɓa gaya wa. Sau uku. Kuma jama'a, muryar ba tata ba ce, muryar Inna ce, da ɗan dishi-dishin nan nata in ta daɗe a bakin murhu. Abin da ya fi ɗaure min kai, ban taɓa jin sunan a muryar nan ba, amma nan take na gane ta.

Ba tsoro ne ya fara kama ni ba, mamaki ne. Na durƙusa ina cewa, "Baba, sake faɗa, don Allah sake faɗa," da Hausa fa, kamar za ta ji. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ƙaro min ɓaure. 'Yar ta ce min da Turanci in yi haƙuri, gyatumarta kunnenta ya yi nauyi, ba ta kuma taɓa barin tsibiran nan ba. Na ce me ta faɗa yanzu? Ta ce ita ba ta ji ta ce komai ba.

Muna sauka, ko jakata ban ajiye ba, na kira lambar Asabe da na haddace.

"Innalillahi! Yaya? Kai ne ko fatalwarka? Sai yau ka tuna kana da dangi?"

Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta ce Inna sati biyu tana kwance, ko magana ba ta yi, amma ɗazu bayan azahar ta buɗe ido ta kira sunana sau uku, har Goggonmu da ke jinyarta ta saki kofin da ke hannunta. Na lissafa, la'asar ɗinmu ita ce azahar ɗinsu. Na ce a sa mata wayar a kunne.

"Inna, ni ne."

"Wancan ne?"

Na ce, "Inna ki yafe min. Na ce da mutane kin mutu, don in sami takarda."

Sai na ji 'yar dariya can ƙasa-ƙasa. "To ai ka kusa yin gaskiya. Na yafe, duniya da lahira." Ta nisa, ta ce, "Amma wane irin jirgi ne ake zuba motoci a cikinsa? Kuma ka daina karɓar abu da hagu, ba haka na koya maka ba."

Matar da ko kogin Wudil sau biyu ta taɓa gani.

Da shekara ta zagayo na tattara na dawo gida, na same ta ta warware. Wata rana tana tsince wake na tambaye ta zancen. Ta kawar da kai ta ce, "Ni in faɗi sunanka? Allah ya kiyaye, an ce maka ba ni da kunya ne?" Har ta koma ga Allah ba ta sake kiransa ba, ni ma ban sake tambaya ba. Malaman da na kai wa labarin kowa da abin da ya ce, ni dai ban sani ba.

Ku da kuke nesa, in mahaifiya tana raye, ku kira ta yau, kada ku jira sai an kira ku. Ni kam har yanzu in na manta na miƙa hagu, sai tsigar jikina ta tashi, in waiwaya.