Tsuntsun da Aka Kashe Mini da Fiya-fiya

Ƙanina direba ne ya kawo mini shi daga Kano, cikin ɗan keji na waya, a shekarar da na fara ɗinki a gida. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, dangin aku, bai cika tafin hannuna ba. Cikinsa kore shar, kansa rawaya, a kumatunsa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yi masa da kwalli. Duk unguwarmu a Birnin Kudu babu mai irinsa. Mata sukan kawo ɗinki, su manta da awon da ya kawo su, su tsaya kallonsa.

Ba na rufe masa keji da rana. Idan na hau keken ɗinki sai ya sauko kafaɗata, ya riƙa jan zaren da ya maƙale a ɗankwalina. Gero yake ci, amma sai na zangarniya. In na zuba masa sussukakke sai ya duba ya kau da kai. Wanka a murfin kwano yake yi, ya fantsala ruwa kan yadin mutane. Ya koyi tarin maigidana, har nakan tashi in ɗebo ruwa ina tsammani Malam ne ya dawo. Sallama ma yana yi, amma rabi: "Salamu..." sai ya karkata kai yana jira a ƙarasa masa.

Mun yi shekaru a haka. Da yarana suka tafi makarantar kwana, shi ne abokin hirata.

Daminar bara aka aiko cewa Inna, mahaifiyata, ba lafiya a Maruta, can ƙasar Gwaram. Kafin in tafi jinya na ce wa maigidana, "Malam, ga gero nan a rataye, kullum a sake masa ruwa. Don Allah ko maganin sauro na kunnawa kada a sa a ɗakin nan." Ya ce, "To, na ji."

A bayana yayansa ya zo daga Kangire sayen taki, ruwa ya tsare shi, aka sauke shi a ɗakin ɗinkina. Ya ce sauro ya yi yawa. Da la'asar ya yayyafa fiya-fiya a kowane lungu, ya rufe taga, ya ja ƙofa, shi da Malam suka tafi majalisa. Kejin nan a tsakiyar ɗaki yake rataye, daidai goshin mutum. Ni kaina nakan buge da shi. Kada wani ya ce mini bai gan shi ba.

Kullum muna waya da Malam, ina tambaya, yana cewa kowa lafiya. Ranar da na dawo na tarar da keji a tsakar gida, an wanke shi tas.

"Malam, ina tsuntsuna?"

"Ki zauna ki huta tukuna."

"Ina yake?"

Ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Na ce, "A ina kuka binne shi?"

"Binnewa kuma? Ai Yaya bola ya jefa shi."

Ko hijabin tafiya ban cire ba na ɗauki kara na nufi bola. Na tona, na tona, ruwan sama ya riga ya cakuɗa komai. Ko gashinsa ɗaya ban samu ba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke kuwa, duk a kan tsuntsu?"

Ranar kasuwa sai ga Yaya da zabo a hannu, an ɗaure masa ƙafafu. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba. Ya ce, "An ce wai fushi kike yi. To ga wannan, ya fi wancan nama." Ya kwashe da dariya. Yayan miji ne, ba ni da bakin mayar masa. Na ce, "An gode, Yaya."

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ya san darajar dabba. In sansa na noma ya yi atishawa, ba ya zama sai ya ɗauko malamin dabbobi. Tasa kawai ya sani.

Bayan tafiyarsa Malam ya ce in dafa zabon. Na ce, "Ka kai wa mai iya ci." Tun da muka yi aure ban taɓa ƙi masa girki ba sai ranar. Maƙwabta ya kai wa. Da aka kwana biyu ya shigo ina ɗinki, ya zauna a tabarma ya ce, "Kin faɗa mini, ni ne ban faɗa masa ba. Ki yafe mini." Wannan na karɓa.

Yaya kuwa har yau bai ce komai ba. A wajen biki ma labarina yake bayarwa, matar da ta yi makokin tsuntsu, ana dariya. Ina gaishe shi, ina kai masa abinci. Amma na sa wa ɗakin ɗinki kwaɗo, kuma duk zuwansa a zaure ake yi masa shimfiɗa.