Ranar da Manjo Hambali Ya Ɗauko Ɗan Maraƙi

Wata rana da hantsi, jerin motocin shugaban wata ƙasa ya bar kwalta ya kama burji, ya nufi yamma, can bakin iyaka.

Shugaban nan ɗan makiyaya ne. A ruga aka haife shi, da sanda a kafaɗa ya girma. Ko da ya hau mulki bai rabu da garkensa ba. Shanun suna nan a gonar mahaifinsa, kuma duk lokacin da birni ya ishe shi, can yake guduwa ya sha iska.

A kujerar gaba akwai shugaban masu tsaronsa, Manjo Hambali.

Hambali ɗan birni ne gaba da baya. Saniya dai a faranti ya san ta. Amma wajen aiki ba ya wasa, mutum ne da ko ƙuda ya matso kusa da maigidansa sai ya harare shi.

Ran nan kuwa ransa a ɓace yake. Mutanen Tsamiyar Iyaka, wani ƙauye da ke kusa da gonar, sun kwana biyu suna tare hanya, suna ƙona tayoyi, har sun jefi motar gwamnati da duwatsu.

Tun a mota ya kawo shawara: a ba shi izini gobe da safe ya tura sojoji, kowa ya shiga taitayinsa.

Shugaba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yana ta kallon daji ta taga.

Da suka isa, Hambali ya fara abin da ya iya. Ya sa aka kwashe makiyayan gonar kaf, aka kai su can bayan rumbuna ana lalube musu aljihu. Mutanen da suka san kowace saniya da sunanta da halinta, su aka fara nisantarwa.

Masu ɗaukar hoto suka ce suna son Shugaba ya shiga tsakiyar garke. Hambali ya dubi ƙahonin nan, kowanne ya kai tsawon hannun mutum, ya ce sam, ba dai yana tsaye ba. Idan hoto ake so, shi zai kawo dabbar wajen Shugaba.

Ya zagaya ya hango 'yan maruƙa kwance a inuwa. Ya zaɓi wanda ya fi ƙanƙanta, ƙafafunsa ko ƙwari ba su yi ba, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ya rungumo shi kamar jariri, yana tafe yana jin daɗin dabararsa.

Jama'a, haihuwar jiya ce fa. Uwar tana can wajen shan ruwa, kuma duk wanda zai ce masa kul yana bayan rumbu da hannu a sama.

Shugaba yana gaisawa da dattawa, ya juyo kawai ya ji an ɗora masa maraƙi a hannu.

Murmushinsa ya ɗauke.

Ya dubi cibiyar nan, ya ɗaga kai yana neman wani abu a cikin garke.

Sai maraƙin ya yi kuka.

Daga can nesa aka amsa masa, da wata irin murya da Hambali bai taɓa jin irinta ba. Garke ya dare. Wata baƙar saniya mai farin goshi ta fito a guje, kai a ƙasa, ƙaho a gaba.

Wuri ya watse. Manyan mutane masu manyan riguna, wannan ya bar hula, wancan ya bar takalmi. Mai ɗaukar hoton da ya fi kowa zaƙewa shi ya riga kowa hawa kan mota.

Saniyar ta ci birki dab da Shugaba, don ɗanta yana hannunsa. Tana huci, tana tona ƙasa da kofato, idanunta sun yi jajur. A bayanta sauran garken ya taso ya yi cirko-cirko, har da bijimai, duk sun ɗaga kunne suna jiran abin da za ta yi.

Hambali ya zaro bindiga. Yaransa ma suka ɗana nasu.

 Maigidansa na tsaye tsakaninsa da saniyar, kafaɗarsa ta rufe rabin goshinta. In ya harba ya kuskure, ya san wanda zai samu. In ya tsaya, ƙaho ɗaya ya isa. Kuma shi da hannunsa ya kawo wannan masifa, wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya daidaita hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka sunkuya. Zan harbe ta."

Shugaba bai ko waiwayo ba.

"Ka harba, garken nan ya bi ta kanmu gaba ɗaya. Sauke hannunka, Manjo."

"Za ta kashe ka, ranka ya daɗe."

"Ba ni take nema ba. Ɗanta muka ɗauka."

Hambali ya sauke bindigar, amma yatsansa bai bar kunamar ba. Ya yi wa yaransa alama su ma su sauke.

Shugaba ya fara durƙusawa a hankali. Farar babbar riga ta sha kashin shanu, bai damu ba. Yana wani irin sauti da harshe, irin wanda makiyaya ke yi wa saniya lokacin tatsa, yana yi yana maimaitawa, har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Ya ajiye maraƙin.

Maraƙin ya miƙe yana tangaɗi, ya yi taku, ya faɗi. Ya sake miƙewa.

Sai ya juyo ya koma ya shige cikin rigar Shugaba.

Saniyar ta yi gurnani, ta matso. Yanzu hucinta yana kaɗa hular mutumin, tsinin ƙahonta yana daidai wuyansa. Zufa ta shiga idon Hambali, ya kasa ɗaga hannu ya share. Zuciyarsa na ce masa harba, harba, yanzu ko ba yanzu ba. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini.

Shugaba ya sa hannu biyu ya juya maraƙin, ya ɗan tura shi ta baya.

Maraƙin ya tafi yana layi, ya ci karo da ƙafar uwarsa.

Ta sunkuyar da kai ta shinshine shi. Ta lashe shi daga goshi har gadon baya. Ta juya, ya bi ta, garken ma ya juya kamar ba a yi komai ba.

 Kunya ta rufe Hambali, ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Shugaba ya tashi ya kaɗe gwiwa. Ya ce a je a sako makiyayansa a ba su haƙuri. Bai yi wa Hambali faɗa a gaban mutane ba. Sai da ya zo wanke hannu, Hambali na zuba masa ruwa, ya tambaye shi a hankali:

"Mutanen Tsamiyar Iyaka, me muka ɗaukar musu?"



Hambali ya san sunayen masu zuga su. Ya san hanyar shiga ƙauyen da ta fita. Amma wannan tambaya bai taɓa yi wa kowa ita ba.

Washegari ya tafi ƙauyen, ba soja, ba kaki.

Ashe sabuwar wayar da aka kewaye iyaka da ita ta bi ta bayan gari, ta bar rijiyarsu da maƙabartarsu a ɗaya gefen. Sun kai kuka har sun gaji, ba wanda ya saurare su.

A bakin wayar ya tarar da wani dattijo zaune, ya zuba wa can ƙetare ido. Hambali ya gaishe shi, ya tambaye shi me yake kallo.

Dattijon ya nuna wani kabari da ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Ya ce matarsa ce, tun da aka sa waya bai samu ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a ba.

Waɗannan ne mutanen da Hambali ya so ya tura wa sojoji da safen nan.

 Sai ya kira Shugaba, ya gaya masa abin da ya gani. Kafin la'asar an yanka wayar an yi ƙofa, kuma Hambali ne ya riƙe hannun dattijon suka ƙetara tare.

Darasi: Ba duk wanda ya taso maka da fushi ne maƙiyinka ba. Kafin ka ɗaga hannu a kan ɗanka, ko matarka, ko ma'aikacinka, ko talakawanka, tsaya ka duba abin da ke hannunka. Wataƙila nasu ne.

Idan ka san wani mai iko da mutane, ko da a gida ne ko a shago, tura masa wannan ya karanta kafin ransa ya sake ɓaci.