Wandon Keke a Gaban Surukina

Da na fara hawan keke don motsa jiki, sirdin ya dinga ƙuje mini mazaunai. Sai na sayo gajeren wando mai soso a wajen 'yan gwanjo, ciwon ya tafi. Son burga ne ya ja ni, ina fita daga gari na tuɓe dogon wandon da na ɗora a kai na ɗaure a bayan keken.

A hanyar Makoda na yi kiciɓis da surukina yana duba geronsa. Dole na sauka na durƙusa, cinyoyina a waje.

Ya kau da kai ya ce, "Malam, 'yan fashi ne suka tare ka?"

Na ce, "A'a, Baba."

Har aka girbe geron nan ban iya taka ƙofar gidansa ba. Yanzu a ƙarƙashin dogon wando nake sa gajeren.