Yadda Na Sanyaya Kwamfuta Na Rasa Ɗakina

Shekarar da kowace majalisa ke maganar shari'a, ni abin da ya dame ni fanka ce. Na yi ritaya na dawo Dutse, na zauna a unguwar Takur da wata kwamfuta da na sayo a tafiyata ta ƙarshe, da kuma aiki guda da na ɗora wa kaina: mayar da wani littafin kiwon awaki daga Faransanci zuwa Hausa. Likita ya riga ya gaya mini yanar ido tana rufe mini gani a hankali, in ina da abin rubutawa in hanzarta.

Na ajiye kwamfutar a ɗakin baƙi, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Waɗanda suka ƙera ta ba su san bazarar Dutse ba. Duwatsun nan in sun sha rana, sai su yi ta rama mana har bayan magariba. A cikin akwatin akwai ɗan abin da ke yin tunanin duka, bai wuce faɗin kwalin ashana ba. An ɗora masa ƙarfe mai haƙora kamar mataji, a kan ƙarfen kuma wata 'yar mitsitsiyar fanka. Da zafi ya taso sai ta kama ihu kamar injin markaɗe, kuma duk ihun bai hana na'urar ɗaukewa ina tsakiyar jimla ba.

Masu zuwa gaisuwa ba sa daɗewa. Mutum zai ce, "Alhaji, an wuni lafiya?" in ce, "Na'am?" Ya maimaita, in sake cewa na'am. Sai ya miƙe ya ce, "To, bari in bar ka da injin naka." Kunya ta riƙa kama ni. Dattijo guda, gidansa ba ya zaunuwa.

Na ga yadda wasu ke yi. A Jamus na shiga ofis cike da kwamfutoci, ba ka jin komai sai takun mai shara. A Khartoum kuma na ga wanda ya cire murfin akwatin, ya kafa masa fankar tsaye, yana aikinsa yana shan iskar tare da na'urar. Na zaɓi na Jamus, kamar yadda ɗan boko ya saba.

Akwai wani mutumin Filato, ma'aikaci a sakatariya, da ke gyaran kwamfuta in ya tashi aiki. Na zaunar da shi na yi masa lacca. Ƙaramar fanka sai ta yi gudu kafin ta tura iska, gudun kuwa shi ne ƙarar. Babba tana juyi a hankali ta tura iskar da ta fi. A sa ƙarfe mafi girma, babbar fanka a kansa, wata a gaba tana jawo iska, wata a baya tana fitar da mai zafi.

"Baba, fanka uku?" in ji shi. "Ni a ɗakina fanka ɗaya ce da ni, mu biyar."

"Kai ba ka ɗaukewa a tsakiyar jimla."

Ya je Kano ya dawo, ya je ya dawo, don ta farko da ya kawo na kara kunne na ce tana gurnani. Daga ƙarshe muka dace. Na kunna, ɗaki tsit. Sai ka ɗora hannu a baya ka ji ɗumi yana fita kafin ka yarda tana aiki. Ran nan na ji ni Bajamushe.

Wanda ya fara lura maƙwabcina ne, tsohon hedimasta. Ya shigo gaisuwa, ya tsaya ya saurara.

"Alhaji, injin ya mutu ne?"

"Yana aiki."

"Ikon Allah," ya ce, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa.

Washegari ya zo da wani tsohon malamin gona daga Limawa. Kafin wata ya ƙare, ɗakina ya zama majalisa. Nan ake yanke wanda ya cancanci bulala da wanda bai cancanta ba, da ko mai babur zai ɗauki mace, da inda masu sayar da giya za su koma. In gardama ta yi zafi sai a juyo kaina.

"Ranka ya daɗe, kai da ka zauna a Sudan, ya suke yi?"

In na ce ina tsakiyar aiki, hedimasta ya ce, "Yi abinka, Alhaji, ai mu 'yan gida ne." Sai ya leƙo allon ya ce kalmar nan ba haka ake rubuta ta ba.

A Jamus mutum yakan dubi agogo ya ce wa baƙo lokaci ya yi, su rabu lafiya. Na san yadda ake faɗin haka da harsuna huɗu. Da Hausa, a ƙofar gidana, ga dattijon da ya yi mini sallama, na rasa ta inda jimlar ke farawa. Awakina suka tsaya a babin zawo, haruffa kuma suna ƙara dushewa a allo.

Na kai ƙara wurin maiɗakina. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka gyara musu wuri, Alhaji. Har shayi kake aikowa a dafa."

"To korarsu zan yi?"

"Wa ya ce ka kore su? Akwai inda suke wucewa a gidan nan?"

Babu. Namiji baƙo ba ya ƙetare ƙofar tsakar gida, ko shekara nawa kuka yi tare. Kwamfutar ba ta ɗaukuwa, domin a ɗakin baƙi kaɗai aka ja mata waya, kuma fitar da ita a gabansu daidai yake da kora. Saboda haka na riƙa zama da su kaɗan, in ce bari in shiga ciki, su ce a fito lafiya.

A barandar Hajiya, tsakanin turmi da kejin kaji, na ƙarasa littafin da biro, da manyan haruffa irin na 'yan aji ɗaya, gumi yana ɗiga a takarda. Ta bango ina jiyo hedimasta yana yanke wa wani hukunci.